Goloba da Ɓarayinsa Arba'in

Ranar da Yaya ya shigo gida da takardar ɗaukarsa aikin sojan ruwa, majalisar ƙofar gidanmu a Kiru kwana ta yi tana dariya. Wai ina ɗan Kiru ina teku? Mutumin da iyakar ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Tiga, shi ma sai in mun je wajen dangin Inna a Bebeji. Baba kuwa ko murmushi bai yi ba. A ganinsa in dai sojan ne dole, to a yi na ƙasa mana, wanda aka san Bahaushe da shi tun kaka da kakanni. Shekara biyu bayan haka Yaya ya fara maganar yana so ya gwada shiga runduna ta musamman ta sojan ruwa, wadda ake kira SBS a taƙaice, wato 'yan ƙananan jiragen nan masu gudu da ake turawa inda babban jirgi ba ya shiga. An kafa ta a 2006, an kuma yi koyi ne da ta Ingila mai irin wannan suna, wadda ta samo asali a 1940 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da mutane 'yan kaɗan da kwale-kwalen da ake naɗewa. Aikinsu lallaɓawa cikin fadamu da rafuffuka, ƙwato jirgin da 'yan fashin teku suka kama, da sauka gaɓa cikin dare. Baba ya ce wannan kuma ganganci ne tsantsa.

Gardamar nan ce ta sa na shiga tonon asalin sojan ƙasar da Baba ke taƙama da shi. Abin da na tarar ya ba ni dariya, daga baya kuma ya hana ni barci. Ashe sojan ƙasan ma ta ruwa ya shigo. Wanda ya aza harsashinsa hafsan sojan ruwa ne, kuma ƙaramar runduna ya kafa, ta zaɓaɓɓun mutane, wadda yake ɗiba a jirgi ya sauke inda yake so ya kai hari. Sunansa John Hawley Glover, mutanen Legas suka lanƙwasa shi ya koma Goloba. Da shi zan riƙa kiransa, don ya fi daɗin faɗa.

An haife shi ranar 24 ga Fabrairu 1829 a Ingila, ɗan wani limamin coci. Ya shiga sojan ruwa a 1841. Ku lissafa da kanku, 'yan uwa ɗalibai: shekara goma sha biyu. A shekarun da mu muke aji ɗaya na ƙaramar sakandare, shi yana hawa igiyar jirgi. Ya zama laftana a 1851, kuma ba a daɗe ba aka tura shi yaƙin Bama. A can, a Fabrairun 1853, kusa da wani gari Donabew a bakin kogin Irawadi, ya ga yadda ake yi wa rundunar Turawa kisan mummuƙe. Sun bar jiragensu sun bi wata siririyar hanya cikin kurmi, mutanen ƙasar suka yi musu kwanton ɓauna, shugaban tafiyar Kyaftin Loch ya samu raunin da ya zama ajalinsa, shi kansa Goloba da ƙyar aka fito da shi da mummunan rauni. Ni dai ina ganin a nan ya koyi darasin da ya riƙe har mutuwarsa: igwar jirgi iyakarta gaɓa, in ka taka tudu sai da mutanen da suka san tudun. Bayan ya warke ya yi aiki a tekun Baltik lokacin yaƙi da Rasha, sannan Afirka ta kira shi.

A 1857 gwamnatin Ingila ta shirya tafiya a kan kogin Kwara ƙarƙashin Dakta Baikie, wanda daga baya ya zauna a Lakwaja, har ya zo Kano a 1862. Goloba ne mai awon kogi da zana taswira. A cikin jirgin, mai suna Dayspring, har da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma tsohon bawa ne da aka 'yanta. A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya nutse. Ba jirgi, ba hanyar komawa, haka suka yi zaman kusan shekara guda a bakin kogi, zazzaɓi na cinsu, kafin wani jirgin ya zo. Ragowar injin Dayspring an tsamo shi daga baya an ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Jabba.

Wannan haɗari shi ya juya rayuwar mutumin. Maimakon ya tattara ya koma gida, sai ya shiga taka hanyar ƙasa tsakanin Legas da Kwara, ta cikin ƙasar Yarabawa, yana jigilar kaya da saƙonni. Tafiya irin wannan tana son 'yan dako da masu tsaro, kuma waɗanda suka fi kowa son binsa su ne bayi 'yan arewa da ke hannun iyayengijinsu a Legas da garuruwan da ke bayanta. Dalilinsu a fili yake: ayarin da ya nufi arewa, gida ya nufa.

A nan fa ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu, me ya kai Bahaushe bauta a bakin teku? Amsar ba ta da daɗi, kuma tana kusa da mu fiye da yadda muke so. A ƙarni na 19 mutum haja ne kamar kanwa da fata. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi, da hare-haren da sarakunanmu ke kai wa maƙwabta, da wanda maƙwabtan ke ramawa, duk suna zuba mutane a kasuwa. Kudancin Kano ya sha wannan da kyau: Ningawa sun yi shekaru suna kawo hari ta wajen Rano da Tudun Wada, suna kwashe mutane daga gona. Wanda aka kama yau, bayan 'yan watanni yana iya tsintar kansa a Bida ko Ilori, daga can a miƙa shi gaba har bakin ruwa. Bebeji kuma zango ce babba a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Zariya, don haka ayarin da ke ɗauke da tufafi da jakuna ta nan yake bi, wanda ke ɗauke da mutane ma ta nan. Kuma kada mu ruɗi kanmu da sunan Hausawa da Turawa suka sa musu. Cikinsu akwai Nufawa, Barebari, Gwarawa da sauransu. Abin da ya haɗa su harshe ne, da Musulunci ga mafi yawansu, da kuma rashin kowa a inda suke.

Rashin kowan nan shi Goloba ya gani. A watan Agustan 1861 Ingila ta karɓe Legas daga hannun Sarki Dosunmu, aka ba Goloba wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Handy yana sintiri a tafkunan da suka kewaye garin. Duk wanda ya taɓa ganin taswirar Legas ya san ruwa ne ya yi mata zobe, rafi na shiga rafi, daga Badagiri har Epe. Jirgin yana iya harba igwa, amma wa zai sauka ya shiga gari? Sojojin da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan tsada gare su, Turawa kuma zazzaɓi na kashe su kamar kaji. Da ya zama mai riƙon mulkin Legas a Afrilun 1863, sai ya juya ga tsofaffin abokan tafiyarsa. Rundunar sojan Najeriya har gobe tana ƙirga shekarunta daga 1863, tana kuma cewa da mutum 18 aka fara. Ba a jima ba suka kai ɗaruruwa. Aka ba su bindiga, da shuɗin tufafi, da jar dara. Kakin da muka sani daga baya ya zo.

Ku dubi lissafin mutumin, don wallahi akwai kai a ciki. Bawan da ya gudu ya sa rigar gwamnati, ubangidansa ba shi da ikon taɓa shi. Amma ran da ya tuɓe rigar, ya koma abin farauta. Ba shi da ɗan uwa a cikin waɗanda za a ce ya harba, ba ya jin kunyar kowa a garin, harshensa daban, addininsa daban da na mafi yawan mutanen wurin a lokacin. Wane soja ne zai fi wannan biyayya? Su kuma mutanen Legas, da suka ga bayinsu na jiya riƙe da bindiga suna ba su umarni, suna kuma ɗaukar abin da ba nasu ba a kasuwa, sai suka laƙaba musu sunan ɓarayi arba'in, irin na labarin Ali Baba. Ba zan ce sharri ne zalla ba. Mutumin da aka sayar da shi kamar akuya, ka ba shi bindiga a garin da aka wulaƙanta shi, ai sai abin da Allah ya kiyaye.

Aikinsu rabi ɗan sanda rabi soja. Babban gwajin ya zo a Maris 1865. Egbawa, mutanen Abekuta, sun yi wa garin Ikorodu ƙawanya, garin da ke bakin tafki kuma ƙofar cinikin Legas da cikin ƙasa. Goloba ya ba su wa'adi su janye, suka ƙi. Sai ya loda Hausawansa da sojojin Karibiyan a jirage, ya haye tafkin, ya sauke su, ya buɗe wa sansanin Egbawa wuta har da roka, abin da ba su saba gani ba. Cikin ɗan lokaci rundunar da ta fi tasa yawa nesa ba kusa ba ta watse. Da na karanta wannan na tuna bayanin da Yaya ke yi mini a kan aikin da yake mafarki: mutane kaɗan, jirgi mara zurfin gindi, sauka inda ba a zata ba, gamawa kafin a farga. Kayan aiki sun canja, dabarar tana nan.

Amma nasarar ta bar baya da ƙura. Egbawa ba su manta ba. A 1867 suka kori 'yan mishan da Turawa daga Abekuta, Goloba ya yanka wa Kiristocin da suka gudo fili a Ebute Meta. Ya yi tituna, ya sa fitilu, ya gyara bakin ruwa, talakawan Legas da yawa suna sonsa don ƙofarsa a buɗe take. Sai dai mutum ne mai taurin kai wanda ya ɗauki toshe hanyar ciniki a matsayin maganin kowace rigima. Ya toshe wa Egbawa da Ijebu, su ma suka toshe masa, kasuwa ta mutu, 'yan kasuwar Turawa suka yi ta kai ƙararsa Landan. A 1872, bayan saɓani da sabon shugabansa Pope Hennessy, ya bar Legas bai koma kujerarsa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da wataƙila ba zan rubuta shi ba. Shekara guda bayan haka yaƙi ya ɓarke tsakanin Ingila da Asante, waɗanda tsofaffin fatakenmu ke kira Tonawa, a ƙasar da yau ake kira Gana. Goloba ya miƙa kansa. Shirinsa irin na ɗan ruwa ne: ya kafa sansani a Ada, inda kogin Bolta ke shiga teku, ya haura da ƙananan jirage, ya ɓullo wa Kumasi ta gabas yayin da babban janar Wolseley ke tahowa ta kudu. Ya aika Legas aka kawo masa Hausawansa, ya kuma shiga ɗibar sababbi a Akara, inda ya yi ta rigima da masu bayi, har da biyan wasu kuɗi don su saki nasu su shiga soja. Ku lura da wannan: 'yanci ne, amma an saye shi ne da sharaɗin ka je ka tari harsashi.

Abin bai tafi yadda ya tsara ba. Dubban mayaƙan da sarakunan gaɓar suka yi masa alkawari sun fi damuwa da tsohuwar gabarsu da mutanen Anlo a ƙetaren Bolta, aka ɓata watanni a can. Da umarni ya zo cewa lalle ya ƙetare kogin Pra ranar 15 ga Janairu 1874, waɗanda suka bi shi a kan lokaci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, Hausawa da Yarabawa, cikin kurmin da ba su taɓa gani ba, abinci na ƙarewa. Duk da haka tahowarsu ta tilasta wa Asante raba ƙarfinsu. Wolseley ya shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya cinna mata wuta, ya juya da sauri saboda ruwan sama ya fara. Wani hafsan Goloba, Kyaftin Sartorius, ya ratsa kufan birnin da Hausawa ashirin kacal don ya kai saƙo ga janar ɗin. Hausawa ashirin, jama'a, a tsakiyar ƙasar da ta girgiza yankin nan shekara fiye da ɗari. Goloba ya iso Kumasi ranar 12 ga wata, kuma labarin cewa ga wata runduna ta biyu na cikin abin da ya sa Sarki Kofi Karikari ya yi saurin neman sulhu. Majalisar Ingila ta yi wa Goloba godiya, aka ba shi lambar girma. Sartorius ma sunansa ya shiga littattafai. Ashirin ɗin nan kuwa adadinsu kawai aka rubuta.

Wannan yaƙi ya taɓa mu har gida, ta hanyar da ba kowa ke lura ba: goro. Fataken Gwanja, waɗanda Bebeji ta yi suna da su, Salga suke zuwa su sayo goron da ke fitowa daga kurmin Asante. Da Kumasi ta faɗi, Salga ta ɓalle, Asante suka hana goro zuwa can, kasuwa ta koma wasu garuruwa irin su Kintampo. Sannu a hankali goron ya fara bin teku zuwa Legas. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka gane wannan da wuri, suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana. To ga wani ɗan yankinmu da teku ta yi wa rana, in majalisar ƙofar gidanmu na son misali.

Bayan Kumasi, sunan Hausawa a fagen soja ya zama kamar tambarin kaya mai kyau. Aka kafa rundunarsu a Gana, Sarkin Beljiyam ya aiko ana ɗibar masa su zuwa Kwango, Jamusawa ma suka nema. Hausa ta zama harshen bariki, kuma tsofaffin sojojin da suka ajiye aiki suna cikin waɗanda suka raya unguwannin zango a biranen Gana. Shi kuwa Goloba an ɗauke shi daga zafi an kai shi ƙanƙara: gwamnan Newfoundland, wani tsibiri da yanzu ke cikin Kanada, daga 1876 zuwa 1881, sai tsibiran Karibiyan, sai ya sake komawa can. Lafiyarsa ba ta ƙara daidaita ba. Ya mutu a Landan ranar 30 ga Satumba 1885 yana da shekara 56. Matarsa ta rubuta tarihinsa, ya fito a 1897. A Legas akwai zauren taro da tituna masu sunansa, a Kanada akwai gari sukutum.

Saura abin da na ce ya hana ni barci. Rundunar Goloba ta Legas, da dogaran kamfanin Kwara, da sojojin da Lugga ya ɗiba, duk daga baya an tattara su ƙarƙashin inuwa ɗaya, rundunar Afirka ta Yamma da ake kira WAFF. A ƙarshen Janairun 1903 wani reshenta na arewa ya taso daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland, sojoji baƙar fata ɗari bakwai da wani abu, da igwa da bindiga mai ruwa, ya nufi Kano. Garin farko da ya rufe musu ƙofa shi ne Bebeji. Ranar 1 ga Fabrairu suka saita igwa a ƙofar gari, harbin ya farfasa ta, ya kashe Sarkin Bebeji da mutanen da ke tsaye tare da shi. Garuruwan da ke gaba da suka ji labari ba su tsaya ba. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ba Hausawan Goloba na Legas ne suka yi harbin ba, shi kansa ya shekara goma sha bakwai a kabari. Amma tsarin nasa ne: Bature kaɗan a gaba, a bayansa mutanen da ke jin Hausa, da yawansu waɗanda bauta ta raba da gida. Shekara arba'in cif daga mutum 18 na Legas zuwa ƙofar garin su Inna. Bayin da suka bi Goloba don su koma arewa, magadan aikinsu sun komo, amma da igwa.

Na kasa tsinar mutumin, na kuma kasa yaba masa. Ga wanda aka cire wa mari aka ba shi albashi, Goloba uba ne, kuma duk wanda bai taɓa kwana a turken bayi ba ya yi hattara kafin ya kira su maciya amana. Wa suka ci amanarsa, wanda ya sayar da su? Amma ba don Allah ya 'yanta su ba, yana bukatar hannun da zai riƙe masa bindiga ne, kuma ya zaɓi hannun da ya san ba shi da wurin zuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba shi ba ne, mu ne. Da ba mu zuba 'yan uwanmu a kasuwa ba, da bai samu wanda zai ɗauka ba.

Sojan ruwan Najeriya na yanzu an kafa shi a 1956, kuma wanda Yaya ke yi wa aiki tutar ƙasarsa ce, da ƙafarsa ya je, ran da ya gaji kuma yana da ɗaki a Kiru. A hutun da ya wuce na zauna na ba Baba labarin nan tun daga Jabba har ƙofar Bebeji, bayan sallar isha'i, yana kishingiɗe a tabarma. Na zaci zai kama maganar cewa sojan ƙasa daga ruwa ya fito, mu yi ta ja. Ko kallonta bai yi ba. Abin da ya tambaya shi ne ko bayin nan sun samu komawa garuruwansu. Na ce masa da yawansu a Legas da zangunan Gana suka yi aure, suka tsufa, aka binne su. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in duba wayata in akwai kati in kira masa Yaya.